Atisayen fita daga gobara a gidanmu na Tudun Wada

Yawancin gidajen da aka gina ko aka sabunta a Zariya cikin 'yan shekarun nan, da tsoron ɓarawo aka tsara su. Kowace taga an dasa mata ƙarfe a cikin bango, kowace ƙofa ta ƙarfe ce mai sakata sama da ƙasa, a kan katanga akwai fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya, sannan gidan duka ƙofa ɗaya gare shi, wadda ake garƙamewa da kwaɗo bayan sallar isha'i. Babu wanda zai ga laifin mai gida a kan haka, domin kowa ya san halin da ake ciki. Sai dai duk abin da ya hana na waje shigowa, shi ne kuma zai hana na ciki fita a daren da wuta ta tashi. Wannan ne ya sa na tara iyalina muka tsara yadda za mu fita, muka kuma gwada shi da ƙafafunmu har ya zauna mana.

Gidanmu yana cikin wani lungu a Tudun Wada, kuma mu takwas ne a cikinsa: ni da maiɗakina, da 'ya'yanmu huɗu, da mahaifiyata Hajiya wadda ciwon gwiwa ya rage mata sauri, sai ƙanena da ke karatu a Kongo, wato harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya, wanda yake kwana a ɗakin da ke jikin zaure. Abin da ya zaburar da ni shi ne gobarar da ta tashi a wani gida na layinmu a hunturun da ya wuce. An ɗauke wuta da yamma, aka bar hita a jone cikin bokitin roba, aka dawo da wutar cikin dare kowa yana barci. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ina tsaye na ga samari suna dukan ƙarfen taga da guduma da taɓarya, matar gidan da jaririnta suna ciki suna tari, ƙarfen kuwa ya ƙi ko motsi sai da bulon da ke riƙe da shi ya farfashe. Irin wannan ƙarfen ne a tagogina.

Kafin a zo ga taga da makulli, sai da aka fara shawo kan zukata. Da na kawo maganar, Hajiya ta ɓata rai ta ce, "Kai dai ka yi mana addu'a, ka daina kira mana abin da Allah bai kawo ba." Ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba, domin a wurinmu ambaton musiba kafin ta zo ana ɗaukarsa mugun fata. Ban yi jayayya da ita ba. Na tuna mata hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya bayyana cewa wuta maƙiyiyarmu ce, ya yi umarni a kashe ta idan za a yi barci. Na ce, "Hajiya, addinin da ya ce mu kashe fitila kafin mu kwanta ba zai hana mu sanin inda makullin ƙofa yake ba." Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To, Allah Ya tsare, a yi." Daga baya ita ce ta fi kowa tsanani a kan dokokin da muka kafa.

Na je ofishin 'yan kwana-kwana na jiha da ke nan Zariya, na sami wani jami'i da ya zauna ya saurare ni cikin natsuwa. Abu na farko da ya gyara mini shi ne tunanina game da abin da ke kashe mutane. Akasarin waɗanda ke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su tun kafin harshen wuta ya iso gare su, kuma hayaƙi ba ya tashin mai barci, sai ma ya ƙara masa nauyin barcin saboda iskar guba marar wari da ke cikinsa. Katifar soso, da kujerun kushin, da labulen leda, da silin ɗin roba da muke yayi yanzu, duk suna ci da sauri suna fitar da baƙin hayaƙi mai shaƙe numfashi, ta yadda ɗaki zai iya zama wurin da ba a rayuwa a cikinsa a minti biyu ko uku. Ɗakunan soro na kakanninmu, masu tabarma da gadon ƙarfe, ba su da abin da wuta za ta ci da gaggawa irin haka. Ya tambaye ni ko motarsu za ta iya shiga lungunmu, na ce ko ƙaramar mota da ƙyar take wucewa. Sai ya ce in tsara komai a kan cewa mintocin farko babu wanda zai zo mana sai mu da maƙwabta. Ya ba ni lambar ofishinsu, ya kuma tuna mini da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, wadda kiranta kyauta ne. Na bar wurin da ma'auni ɗaya: kowa ya kasance a waje cikin minti biyu.

Mun fara da zane. Babbar 'yata ta samo kwali ta zana gidan: zaure, tsakar gida, falo da ɗakunan kwana biyu da ke cikinsa, ɗakin Hajiya da ke gefe, kicin, sito, banɗaki da rijiya. A kowane ɗaki muka nemi hanyoyin fita biyu, kuma a nan ne zanen ya nuna mana abin da ido ya saba gani har ya daina lura da shi. Ɗakin yara da namu duk ta falo ake fita daga cikinsu, falon kuwa ya fi ko'ina kayan lantarki: talabijin, ƙaramin firji, da wayar jona guda ɗaya da ake cajin wayoyin gidan duka a jikinta, tana kwance a bayan kujera, ƙarƙashin labule. Idan wuta ta fara daga nan, mutum shida ba su da mafita. Zaure kuma, wanda shi kaɗai ne hanyar barin gidan, a nan ake shigar da babur ɗin ƙanena da daddare, a nan janareta yake da jarkar fetur a gefensa, saboda nan ne aka ga ya fi tsaro. Ke nan duk abin da ya fi saurin kamawa an tara shi a bakin ƙofar da za mu bi.

Gyaran zaure bai ci kuɗi ba, ƙarfi kawai ya ci. Janareta ya koma ƙarƙashin wata 'yar rumfa a can kusurwar tsakar gida, nesa da tagogi, inda iska ke kaɗawa, kuma aka hana zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Babur ya koma gefen rijiya. A zaure babu abin da ya rage sai tabarma da buta. Wayar jonar falo kuma mai gyaran wuta ya cire ta, ya ƙara soket biyu a bango, ya kuma nuna wa manya da babban ɗana inda babban makunnin wutar gidan yake kusa da mita, kowa ya gwada kashe shi da hannunsa.

Tagogi ne suka fi ɗaukar lokaci da shawara. Na kira mai walda na ce ina son ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ya riƙa buɗewa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai mutane kira na suke in ƙara musu ƙarfe, kai kuma ka ce in rage?" Da na gaya masa dalili sai ya ce shi ma yana wurin a daren gobarar layinmu, nan take ya ɗauko abin awo. Ya yanke ƙarfen daga gefuna, ya yi masa firam, ya mayar da shi mai buɗewa kamar ƙofa, da faɗin da babban mutum zai iya fita. Matsalar ita ce abin rufewa. Tagar ɗakinmu lungu take kallo, idan aka sa sakata kawai ɓarawo zai zura hannu ya zare, idan kuma aka sa kwaɗo to an koma neman makulli cikin duhu da hayaƙi. Abin da muka daidaita a kai shi ne kwaɗo, amma makullinsa yana rataye a ƙusa a jikin bangon da tagar take, nesa da inda hannun na waje zai kai, ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, ɗaure da igiya mai tsawon da zai kai ga kwaɗon, don kada ya faɗi ya ɓata, kada kuma wani ya ɗauke shi ya sa a aljihu. An sauke ƙusar ƙasa ne saboda mai neman makulli a lokacin gobara a durƙushe zai kasance. Na sa yara suka riƙa buɗe kwaɗon idanunsu a rufe, har wanda yake da shekara 7 ya iya. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna sa kwaɗo ya cije, don haka muke ɗiga masa mai lokaci-lokaci.

Haka muka yi da makullin ƙofar gida. Da can yana kwana ne a aljihun rigata, rigar kuma tana ɗakinmu, wato idan ni ne hayaƙi ya fara kwantarwa, gidan duka ya kulle. Yanzu yana da ƙusarsa a zaure, akwai wani a ɗakin ƙanena, akwai na uku a hannun maƙwabcinmu da muke kallon juna, wanda na amince da shi. Hajiya kuma ta saba danna sakata ta ciki idan za ta kwanta, wanda ke nufin ba mai iya shiga ya taimake ta, don haka aka cire sakatar aka sa mata makulli mai buɗuwa ta ciki da ta waje.

Na sa aka samo mini ƙararrawar hayaƙi mai batir guda uku, aka liƙa ɗaya a silin falo, ɗaya a ɗakin yara, ɗaya a ɗakin Hajiya. Ba a sa ta a kicin, domin hayaƙin girki zai riƙa tayar da ita har a gaji a cire mata batir. A gidanmu turaren wuta ne ya so ya jawo haka, saboda da zarar an ɗora shi a kasko a falo sai ta ɗauki ƙara. Muka yi yarjejeniya da maiɗakina cewa za a riƙa turara falo ƙofa a buɗe, kaskon a can bakin ƙofa, batir kuwa ba mai taɓa shi. Ana danna maɓallinta a gwada sau ɗaya a wata, ana kakkaɓe mata ƙura, ita kanta na'urar kuma bayan shekara 10 sauya ta ake yi. Kaskon garwashin da Hajiya ke ɗumama ɗaki da shi a lokacin sanyi shi ma an yi masa doka: yana fita tsakar gida kafin ta kwanta, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa ko da babu abin da ya kama. Igiyar leƙo kuma ba a kunna ta sai a kan faranti na ƙarfe, nesa da katifa da gidan sauro.

Sai muka raba aiki. Ni ne mai tashin yara maza biyu, maiɗakina ita da babbar 'yarmu su ɗauki auta, ƙanena ya buɗe ƙofar gida ya wuce ɗakin Hajiya. Wurin haɗuwa shi ne gindin dogon yaron da ke gaban masallacin unguwa, wanda yake da nisan da hayaƙi ba zai dame mu ba, kuma ko ƙaramin yaro ba zai ɓata shi ba. Na sanar da liman da maƙwabta cewa za mu yi gwaji, don kada a ga mun fito a guje a ɗauka da gaske ne, muka kuma hana yara furta kalmar gobara da ƙarfi a lokacin atisaye.

Gwajin farko da rana muka yi shi, bayan la'asar, kowa yana sane, ga haske, babu hayaƙi, amma duk da haka sai da muka haura minti biyar kafin mutum na ƙarshe ya isa gindin bishiya. Abin da ya cinye lokacin babu ko ɗaya a cikin zanenmu. Babban ɗana ya kai zaure ya juya ya koma ɗauko waya. Auta da ta ji ƙarar na'urar sai ta shige ƙarƙashin gado ta toshe kunnuwa, aka yi ta kira ba ta amsa ba, kuma jami'in nan ya riga ya faɗa mini cewa haka ƙananan yara ke yi a gobarar gaske, su ɓuya a ƙarƙashin gado ko cikin kabad. Maiɗakina kuma ta tsaya neman hijabi. Da muka zauna bita ta ce, "Malam, yaya zan fita lungu haka, maza cike a waje?" Ban ɗauki maganarta da sauƙi ba, domin na san mata da yawa za su gwammace su koma cikin hayaƙi da su fita babu mayafi, kuma faɗa musu cewa larura tana halatta abin da aka hana, ko da yake gaskiya ne, ba ya cire kunyar da aka tashi da ita. Mafitar da ta kawo da kanta ta fi tawa: aka kafa ƙusoshi a bayan ƙofar zaure aka rataye hijabai uku da silifas, wasu biyu kuma a gindin tagar ɗakinmu. Wannan ya ƙara wani amfani, domin yadin da ake ɗinka yawancin hijabai da shi yana saurin kamawa yana narkewa a jiki, gara mace ta wuce wurin wuta babu shi, ta saka a bakin ƙofa.

Maganar komawa ɗauko kaya kuwa mun toshe ta daga tushe. Takardun gida, da shaidar makaranta, da takardun haihuwa, duk mun ɗauki hotonsu a waya, muka kai kwafi gidan yayata a Samaru, na ainihin kuma suna cikin jaka ɗaya a ɗakin ƙanena, kusa da ƙofar fita. Idan jakar tana kan hanya a ɗauka, idan ba ta kan hanya a bar ta. Dokar da na fi nanatawa ita ce wanda ya fita ya fita, ba ya komawa saboda kuɗi ko waya ko tufafi. Ta biyu ita ce ba wanda zai shige gidan maƙwabta sai an ƙirga shi a gindin bishiya. Maiɗakina ce ke kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Dalilin wannan shi ne uba yana iya faɗawa cikin wuta neman yaron da tuni wata maƙwabciya ta ja shi ɗakinta.

Auta kuwa da wasa aka koya mata. Yayyenta suka riƙe zanin gado a daidai ƙugu, aka ce mata zanin shi ne hayaƙi, sai ta bi ta ƙarƙashinsa da rarrafe har ƙofa, tun da hayaƙi sama yake tashi, iskar da ake iya shaƙa tana kusa da ƙasa. Sauran yaran ma suka bi layi, har mu manya. An koya musu taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, idan da zafi a bar ta a rufe a nufi taga, idan kuma an fita a ja ƙofar a rufe domin rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska tana tsare hayaƙi. Idan duka hanyoyin biyu sun toshe, a cusa jiƙaƙƙen zane a ƙasan ƙofa, a tsaya a taga ana ihu ana haska tocila. Kowane ɗaki yanzu yana da tocilarsa a wuri ɗaya da ba ta barinsa.

Gwajin dare ne ya fi koya mana. Na gaya musu za a yi shi a cikin makon, ban faɗi daren ba. Bayan kowa ya yi nisa da barci na kashe babban makunni, na danna ƙararrawar ɗakin yara. Na'urar tana ƙara a saman kansu, amma yara maza biyun ko juyi ba su yi ba, sai da mahaifiyarsu ta kira sunayensu da ƙarfi ta girgiza su. Tun daga ranar muka daina dogaro da cewa ƙararrawa za ta tashi yara. Aikinta shi ne ta tashi manya, manya su tashi yara da suna da hannu. Cikin duhu kuma falon da muke ratsawa kullum ya zama wani wuri dabam: teburin tsakiya ya tare hanya, takalman makaranta da aka zube a bakin ƙofa suka sa babbar 'yata tuntuɓe. Yanzu kafin a kwanta ana ture teburin jikin bango, takalma kuma suna da kwandonsu.

Fitar da Hajiya ita ce ta fi ba mu tunani. Da sandarta tana iya kaiwa zaure, amma a hankali, kuma ba ta iya rarrafe. Mun gwada ɗaukarta a kujerar roba, muka ga kujerar tana lanƙwasa, ƙofar ɗakin kuma ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Abin da ya rage shi ne goyo, ita kuwa ta ƙi saboda kunya. Ƙanena ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, ke kika goye mu muna ƙanana, ki bari mu ma mu rama." Ta yi murmushi ta yarda. Ya gwada da ita daga bakin gado har waje, ni ma na gwada domin ranar da ba ya gida, muka kuma juya gadonta ya koma kusa da ƙofa. Da muka ci gaba da maimaitawa, wani lokaci ta falo, wani lokaci a ce falo ya toshe a bi ta taga, sai lokacinmu ya sauko ƙasa da minti biyu ta ƙofa, ya ɗan haura haka kaɗan ta taga.

Mun ware yini guda domin kicin, tun da nan ne wuta take kullum. Tukunyar gas ɗinmu mai kilo 12.5 an fitar da ita waje, tiyo ya ratsa bango, ana kuma shafa ruwan sabulu a mahaɗarsa a ga ko zai yi kumfa, alamar yoyo. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa kamar ruwa a kwari, don haka idan an ji warinsa ba a ƙyasta ashana, ba a kunna ko kashe makunnin lantarki, sai a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga a fita. Idan mai ya kama a kaskon suya, a kashe wutar ƙasa a rufe shi da murfi, kada a kuskura a zuba ruwa domin zai watsa wutar sama, kada kuma a ɗauko kaskon a nufi waje da shi. Na sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, mai kilo 6, aka rataye ta a bakin kicin ta waje, da bokitin yashi a gefe. Manya sun koyi zare fil, a auna gindin wutar, a matsa, a riƙa kai bakin dama da hagu. Na gaya musu hodar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa, saboda haka ƙaramar wuta kawai ake tunkara da ita, kuma sai hanyar fita tana bayan mutum. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska ya yi ta birgima, na kusa da shi ya lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba a shafa mata man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja kamar yadda aka saba, sannan a rufe da tsaftataccen ƙyalle a nufi asibiti. Mun tsayar da cewa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan za a nufa, babbar ƙuna kuma Asibitin Koyarwa na Shika.

Bayan wata sallar isha'i na roƙi liman ya ba ni dama na yi wa jama'ar lungu bayanin abin da muka yi. Mun amince cewa idan wuta ta tashi a kowane gida za a sanar ta lasifikar masallaci, za a fara katse lantarkin gidan kafin a watsa ruwa, kuma wani saurayi zai tsaya a bakin titi ya tari motar kwana-kwana, tun da gidajenmu ba su da lambar da baƙo zai gane. Na rubuta kwatancen gidanmu daga babban titi a takarda, tare da lambobin waya, na liƙa a zaure, domin mai kira cikin ruɗewa yakan kasa kwatanta gidan da aka haife shi. Masu ajiye Keke Napep a bakin lungu da daddare sun yarda su riƙa barin hanya. Gidaje biyu sun riga sun kira mai waldar nan.

Abin da ya rage mana shi ne hanya ta biyu daga gidan gaba ɗaya. Idan wuta ta tare zaure, yanzu shirinmu shi ne a taru a kusurwar tsakar gida ta baya, a haura katanga da tsani zuwa gidan maƙwabcinmu, wanda ya yarda aka cire kwalaben da ke wannan ɓangaren, ya kuma jingine nasa tsanin ta can. Yara da mu manya mun gwada mun haura, amma Hajiya ba za ta iya ba, goyo a kan tsani kuma haɗari ne. Mun yi magana da shi a kan a fasa ƙaramar ƙofa a katangar, mai makulli ta kowane gefe, ya ce a bari damina ta wuce a kira magini. Mun sa gwaji na gaba a farkon Nuwamba, kafin iskar hunturu ta kankama, kuma ta wannan ƙofar za a fitar da Hajiya a ranar.